Ya fasa aurena, kuma a cocinmu za a karanta sanarwar nasa

Mama, barka da aiki. Ni budurwa ce 'yar shekara 29, ina zaune a Birget wurin yayata, ina koyarwa a wata firamare ta kuɗi. Iyayena Hausawa ne Kirista, daga wani ƙauye a ƙasar Rano. Shekara huɗu muna tare da wani ɗan cocinmu a Sabon Gari. Ya kai mutanensa gaisuwa gidanmu, har an fara maganar sa rana. Da ya je gida Kirsimeti sai ya dawo ya canza min. A watan Fabrairu ya turo saƙo ta WhatsApp cewa mahaifiyarsa ba ta yarda ya auri Bahaushiya ba, wai rabin dangina Musulmi ne, wata rana za su janye ni su haɗa da 'ya'yan. Yanzu zai auri wata 'yar garinsu, a cocinmu za a karanta sanarwar auren, ni kuma ina cikin mawaƙa. Akwai kuɗin adashina naira dubu 250 da na ba shi ya biya hayar shago, har yau bai ce komai a kai ba. Wasu na ce min Allah zai ba ni wanda ya fi shi. Wata ta ce namijin dare gare ni, in je a yi min addu'a ta musamman. Na daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci, domin na kasa yafe masa. Ba na barci, wani lokaci nakan ce da ma kada in farka. Mama, Allah ma ya ƙi ni ne? In bar cocin?

'Yata, sannu. Sannu ƙwarai da gaske.

Zan fara da maganar da kika saka can ƙasa kamar ba komai ba, domin ita ta fi tsaya min a rai. Kin ce wani lokaci kikan so kada ki farka. Yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki faɗa wa yayarki wannan maganar da bakinki, yadda kika rubuto min ita. Idan rashin barcin ya wuce mako biyu, kuma daga Fabrairu zuwa yau ai ya wuce, ki ce ta raka ki asibiti. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen likitocin da ke duba damuwa, akwai kuma asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa na Dawanau. Na san da an ambaci Dawanau sai a zaro ido, amma mai ciwon ido ba ya jin kunyar zuwa asibitin ido. In kuwa tunanin ya kai ga kina lissafin yadda za ki cutar da kanki, kada ki jira gari ya waye.

Kada wani ya ce miki wannan raunin bangaskiya ne. Annabi Iliya, wanda ya kira wuta daga sama a Dutsen Karmel, shi ne ya zauna a gindin itace cikin jeji ya ce wa Allah ya isa haka, a ɗauki ransa. Ki duba 1 Sarakuna sura 19. Mala'ikan da aka aiko masa bai buɗe masa wa'azi ba. Ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, ga gurasa da zafinta ga butar ruwa. Ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci. Sai da jiki ya dawo sannan aka yi maganar sauran. To ke ma haka nake so mu bi.

Yanzu tambayarki. A'a, Allah bai ƙi ki ba. Wani saurayi ne ya ƙi ki, da wata tsohuwa da ba ta taɓa zama da ke ba. Na san a cikin dare waɗannan abubuwa kan haɗe su zama ɗaya, musamman da yake a ɗakin Allah kuka haɗu, a can aka yi ta kiranki amarya ana dariya. Dawuda ya san wannan ciwon. A Zabura 55 ya ce da maƙiyi ne ya wulaƙanta shi da ya jure, amma abokinsa ne, wanda suke shiga Haikali tare cikin taro. Har ya ce da yana da fikafikai irin na kurciya da ya tashi ya gudu jeji. Wannan addu'a tana cikin Littafi Mai Tsarki ba a goge ta ba, don haka kina da izinin yin irinta. Ki yi kukanki a gaban Ubangiji da kalmomin da suka zo bakinki, ba sai kin wanke su kin goge ba.

Masu ce miki Allah zai ba ki wanda ya fi shi, da zuciya ɗaya suke faɗa, ki ce musu amin ki wuce. Amma ni ba zan faɗa miki haka ba. Ina fata, ina kuma roƙa miki. Sai dai fata daban, alkawarin Allah daban, kuma babu ayar da ta ce duk wadda aka fasa aurenta za a musanya mata da wanda ya fi. Na daɗe a Zumuntar Mata, na ga waɗanda suka samu, na ga kuma mata masu tsoron Allah da suka tsufa ba su samu ba. Abin da nake gudu shi ne ki ɗauki darajarki da ke hannun wannan yaron ki miƙa ta ga wani namiji da bai ma iso ba. In shekara uku ta wuce shiru, sai ki ce Allah ya saɓa miki, alhali maƙwabta ne suka yi alkawarin da sunansa.

Akwai wata mace da nake so ki zauna da ita a makon nan, Lai'atu, a Farawa sura 29. Ba a cika wa'azi a kanta ba, don labarin bai dace da ranar biki ba. Yakubu ƙanwarta Rahila yake so, ya yi mata bautar shekara bakwai, ubansu Laban ya lulluɓe Lai'atu ya kai masa da dare. Ki yi tunanin safiyar nan. Mace ta farka, abu na farko da ta gani a fuskar mijinta shi ne ba ita ake so ba, kuma ya fita yana faɗa a kanta. Littafin ya ce Ubangiji ya ga ba a ƙaunar Lai'atu. Ya gani. Sai ki bi sunayen da ta raɗa wa 'ya'yanta, domin a nan zuciyarta take. Da ta haifi Ra'ubainu ta ce yanzu mijinta zai ƙaunace ta. Da ta haifi Saminu ta ce Ubangiji ya ji ana ƙinta. Da ta haifi Lawi ta ce ai wannan karon dole mijinta ya manne mata, ta ba shi 'ya'ya maza har uku. Haihuwa uku, duk idonta na bakin ƙofa ko Yakubu zai waiwayo. Bai waiwayo ba. A na huɗu ne ta ce wannan karon Ubangiji za ta yaba, ta sa masa suna Yahuza. Babu Yakubu a cikin wannan maganar ko kaɗan.

Masu wa'azi a nan suke rufe littafin, amma ke ki juya zuwa sura 30. Za ki tarar da Lai'atu ta koma tana cinikin kwana da ƙanwarta, kuma da ta haifi Zabaluna ta sake cewa yanzu mijinta zai girmama ta. Na fi son wannan wurin da na farkon, domin haka warkewa take a gaskiya. Ranar Talata ki ji kin miƙa wa Allah komai, ranar Juma'a ki ga mai irin rigarsa a Adaidaita Sahu, ƙirjinki ya buga. Hakan ba ya nufin addu'ar Talata ƙarya ce. Kuma ki lura, har aka rufe labarin ba a ce Yakubu ya dawo ya ƙaunace ta kamar Rahila ba. Abin da muka sani shi ne daga Lawi firistoci suka fito, daga Yahuza Dawuda ya fito, daga nan kuma Yesu Almasihu. A kogon Makfela aka binne ta tare da Ibrahim da Saratu, a can kuma Yakubu ya ce a kai shi. Ita ba ta ga ko ɗaya cikin waɗannan da idonta ba. Allah yana tare da ita tun safiyar farko, lokacin da duk gidan ke ganin ita ce kuskuren da aka yi.

Shi kansa Mai Cetonmu ba daga nesa yake kallon wannan ciwo ba. Ishaya 53 ta kira shi wanda aka raina, wanda mutane suka ƙi. A Nazarat, garin da ya girma, a majami'ar da ya saba shiga, mutanen da suka san gidansu ne suka ja shi bakin dutse za su jefa shi ƙasa. Danginsa sun taɓa zuwa kama shi wai ya zautu. In da ƙin mutane alama ce ta ƙin Allah, me za mu ce da Ɗan da aka ce da shi ƙaunatacce daga sama?

Bari in taɓa maganar Bahaushiya, don ta ɓata min rai, kuma ni ma na sha irinta. A Kano aka haife ni, amma har yau in na faɗi sunana a cikin gari sai a tambaye ni yaushe na bar addini, in na faɗa a Sabon Gari sai a ce to amma asalinku fa daga ina. Kamar jemage, tsuntsaye su ce kai dabba ne, dabbobi su ce kai tsuntsu ne. Abin dariyar shi ne, ina kyautata zaton wannan uwar da Hausa take karanta Littafinta, da Hausa take waƙa a Zumunta, da Hausa take roƙa wa ɗanta mace tagari. Tun 1905 Likita Mila, Bature ɗan mishan, ya zauna a Zariya, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932 da taimakon Hausawan da suka zauna suna tace kalmomi, cocin Wusasa da ke gefen Zariya na nan tsaye. Harshenki ya isa a yi wa Allah sujada da shi, ke ce ba ki isa shiga gida ba?

Ba na cewa tsoronta daga iska ya zo. Duk wanda ya ga rikicin addini na Oktoban 1991 ko na Mayun 2004 a garin nan, ko aka kawo masa labari gida, yana ɗauke da tabo. Amma ta ɗora kayan a kan wadda ba ta ci ba ta sha ba. Ke kuma kada wannan ya sa ki fara jin kunyar danginki. Gidajen da naman layya ke tsallaka katanga, shinkafar Kirsimeti ta tsallako ta dawo, sun san wani abu game da zaman tare da yawancinmu ba mu sani ba. A Littafin Ƙidaya sura 12, Maryamu da Haruna sun yi gunaguni a kan ɗan'uwansu Musa saboda matar da ya aura mutuniyar Kush, Allah kuwa bai goyi bayansu ba, sai da Maryamu ta yi kwana bakwai a bayan zango da kuturta. Ban ce ki roƙa wa tsohuwa kuturta ba fa.

Shi yaron, ban ji ta bakinsa ba, don haka zan taƙaita. Yana da ikon fasawa, ba a aure dole, kuma fasawa kafin bagade ta fi nadama bayansa. Laifinsa yadda ya yi ne. Wanda ya ɗebi mutane ya kai su ƙasar Rano suka durƙusa gaban mahaifinki, da waɗannan mutanen ya kamata ya koma ya ba da haƙuri, ba ya ɓuya a bayan waya ba. Shekara huɗu kuma bai san ra'ayin uwarsa ba sai Kirsimetin bara? Farawa 2:24 ta ce mutum zai bar uwa da uba ya manne wa matarsa. Ya nuna miki inda zai tsaya ranar da ke da uwarsa kuka saɓa. Wannan ba zai rage miki zafi yau ba, amma ki ajiye shi, wata rana zai yi miki amfani.

Mai maganar namijin dare kuwa, ki gaishe ta da kyau ki bi ta wata hanyar. Dalilin fasawar a rubuce yake a wayarki, ba ya bukatar mai gani. Irin wuraren nan da mai da ruwa da ambulan ake farawa, a ƙare an ce kakarki ce ko gwaggonki ta ɗaure ki, ki fito kin rasa saurayi, kin rasa kuɗi, kin rasa dangi. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai ɗin da suka zauna shiru. Da suka buɗe baki suna neman laifin da ya ɓoye, a ƙarshe Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba. In addu'a kike so, matar fasto da mata biyu da kika amince da bakinsu sun isa, kuma kyauta ne.

Sai Jibin Ubangiji. Wa ya ce miki sai kin daina jin zafi za ki matso? Ayar da ake yawan jawowa, Matiyu 5:23 da 24, cewa ta yi idan ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikonka ka je ku shirya. Ki karanta a hankali ki ga wa ta kama a tsakaninku. Shi ne ya kamata ya ajiye baiko ya nemo ki. Gaskiya ne an umarce mu da gafara, ba zan sassauta miki wannan ba. Amma farkon gafara shi ne ki cire hannunki daga ramuwa ki bar wa Allah, yadda Romawa 12:19 ta ce: ba za ki ɓata masa suna a Facebook ba, ba za ki kira amaryar ba, ba za ki roƙa musu sharri ba. Wannan za ki iya yanke shawararsa da hawaye a fuska. Sanyin zuciya daga baya yake zuwa, kuma ba a yi masa tsawa. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai bayan shekara 22 ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa, ko a lokacin ma ya gwada su, ya kuma sha fita yana kuka. Teburin nan a daren da aka ba da Yesu aka kafa shi, da hannun wanda amini ya ci amanarsa. Ki je ki ce, Ubangiji ina so in yafe, ban kai ba tukuna, ka taimake ni. Ki miƙa hannu ki karɓa.

Kuɗinki kuma ki karɓa. Dubu 250 a albashin malamar makarantar kuɗi wata nawa ne? Yafe laifi bai haɗa da yafe bashi ba sai in ke kika ga dama, kuma ban ga dalilin da guminki zai zama gudummawar biki ba. Ki nemo shaidar banki ko saƙonnin da kuka yi, uwar adashi ma shaida ce. Ki tura masa saƙo guda, gajere, babu zagi babu tuna baya: ga adadin, ga lokacin da kike so. In ya yi shiru, Matiyu 18 ta ba ki hanya, ki sa mijin yayarki da dattijo ɗaya na ikilisiya su same shi. In zai biya kaɗan-kaɗan a rubuta a sa hannu. Ke kada ki je shagon. Maganar kayan gaisuwa kuma ta iyaye ce, ki bar musu. Bayan wannan ki goge lambarsa, ki daina leƙa hotunan da yake ɗorawa, don ƙarfe biyun dare babu abin da za ki gani a can da zai taimake ki. Yarinyar da zai aura ba ta yi miki komai ba, wataƙila ma ba a ba ta rabin labarin ba.

In bar cocin? Kada ki yanke wannan hukunci cikin watannin nan. Amma babu dokar da ta ce sai kin zauna a layin mawaƙa, fuskarki na kallon jama'a, ana karanta sunansa da na wata Lahadi uku a jere, ana satar kallonki a ga ko za ki yi kuka. Na taɓa ganin wadda ta yi wannan jarumtakar don kada a ce, ta rera a bikin har ƙarshe, ta kwanta rashin lafiya wata guda. Ki samu shugaban mawaƙa ki ce kina neman hutun wata biyu, ba sai kin yi bayani ba, ya sani. Ki samu fasto tare da matarsa ki ba su labarin duka, har da dalilin da aka bayar, domin ikilisiyar da ke karanta Galatiyawa 3:28, inda aka ce ba Bayahude ba Baheleni, duka ɗaya ne cikin Almasihu, ya kamata ta san ana fasa aure a cikinta saboda ƙabila. Ki gaya musu a waɗannan makonni za ki yi sujada a wani wuri. Sabon Gari ba ta rasa coci ba, in kin fi so kuma ki hau mota ki je gida, ki zauna kusa da mahaifiyarki a bencin da kika girma a kai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki ja ƙofa ki kwanta ranar Lahadi ke kaɗai da waya. Ranar bikin ma kada ta same ki a ɗaki, ki shirya inda za ki tun yanzu.

Bayan wata biyun ki koma ki gwada. A can aka san muryarki, kujerarki ce, ba ke kika yi abin kunya ba. In kin yi wata shida kin ga har yanzu ba kya jin wa'azi sai bugun zuciyarki, ki nemi takardar canji ta hannun fasto ki koma wata ikilisiya da rana tsaka, da sallama.

Ki sake rubuto min bayan Lahadin farko. Ina so in ji a ina kika yi sujada, me likita ya ce, da kuma ko yayarki ta ga kin cinye abincinki.